Bolt Dubu Biyu a Ƙarƙashin Teku

Ranar 5 ga Agusta 1858, jirgin ruwan yaƙin Ingila mai suna Agamemnon ya shiga mashigin tsibirin Valentia da ke yammacin Ailan yana janye da bakin wata waya. A ranar ce kuma jirgin Amurka, Niagara, ya kai ɗaya bakin gaɓar Trinity Bay a Newfoundland, can ƙetaren Tekun Atilantika. Mako guda kafin nan jiragen biyu sun haɗu a tsakiyar teku, suka ƙulla wayoyin da kowannensu ya ɗauko, sannan suka ba juna baya, wannan ya yi gabas, wancan ya yi yamma, kowa na sakin nasa kason zuwa ƙasan ruwa. Tsawon wayar ya haura kilomita 3,000. Labarin da jirgi kan kwashe kwana goma ko fiye kafin ya ƙetare da shi, yanzu ana sa ran zai isa kafin shayi ya huce.

Kaurin wayar duka bai fi na babban yatsa ba. A tsakiyarta silin jan ƙarfe bakwai ne aka murɗe wuri guda, daga waje kuma an yi mata sulke da wayoyin baƙin ƙarfe a kan zare mai kwalta. Abin da ya raba jan ƙarfen da ruwan gishirin teku wata rigar danƙo ce da kaurinta ya ɗan wuce milimita 3. Jarin fam 350,000 da aka tara, da jiragen da gwamnatoci biyu suka bayar aro, da sunan duk wanda ya sa hannu a aikin, a kan wannan 'yar rigar suka rataya. A lokacin kuwa ko ma'aunin da za a faɗi iyakar ƙarfinta da shi bai samu suna ba tukuna.

Sanin cewa wasu abubuwa na barin wutar lantarki ta ratsa su, wasu kuma na tare ta, ya girmi wannan waya da shekara 129. A 1729 wani dattijo ɗan Ingila, Stephen Gray, wanda asalinsa marini ne, yana gwada tura wutar da ake samu daga goga gilashi ta cikin doguwar igiya. Da ya rataye igiyar da zaren siliki, wutar ta yi tafiya mai nisa. Silikin ya tsinke saboda nauyi, ya musanya shi da siririyar wayar tagulla, sai wutar ta ɓace a hanya. Da farko ya ɗauka sirantar zaren ce ke hana wutar zurarewa. A nan ya gane cewa jinsin abin ne. Shekara 16 bayan haka aka ƙirƙiro kwalbar da ake tara wuta a cikinta, wadda ta ɗauki sunan garin Leiden na Holan, masu gwaji kuma suka lura cewa in aka cika ta fiye da kima, tartsatsi kan huda gilashin ya bar 'yar ƙaramar kafa, kwalbar ta tashi daga aiki. Ashe tun ƙarni na 18 an ga cewa makarin wuta yana da inda haƙurinsa ke ƙarewa.

Masu wayar tangaraho ne suka fara ɗanɗana wannan darasi da kuɗinsu. A kan tudu ana rataye waya tsirara a bisa turaku, iska ta zame mata riga. A cikin ƙasa ko ruwa kuwa dole a tufatar da ita. An gwada auduga da kwalta, an gwada roba, ba wanda ya yi ƙarko. Mafita ta fito daga dazukan Malaya. Wani likita ɗan Sikotilan da ke aiki a Singafo, William Montgomerie, ya ga mutanen wurin na yin mariƙin adda da daskararren ƙaron wata bishiya: in an tsoma shi a ruwan zafi ya yi laushi a sarrafa shi yadda ake so, in ya huce ya taurare. A 1843 samfurinsa ya isa Landan, Turawa suka ci gaba da kiran sa da sunan da ya samo asali daga bakin Malay, gata-faca. A 1847 Werner Siemens a Jamus ya ƙera injin da ke lulluɓe waya da shi. Halin wannan danƙo shi ne, a cikin ruwan sanyi da duhu yakan yi shekaru gommai bai sauya ba, amma rana da iska na cinye shi, zafi kaɗan kuma ya isa ya sa shi laushi. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A watan Agusta 1850 'yan'uwa biyu, Jacob da John Watkins Brett, suka shimfiɗa wayar farko tsakanin Ingila da Faransa, jan ƙarfe da danƙo kawai, ba sulke. Ba ta kwana biyu tana aiki ba. Shekara ta zagayo aka sake wata mai sulken ƙarfe, ita kam ta zauna. Bayan wannan nasara ne wani attajirin New York, Cyrus Field, ya ga ba abin da zai hana a ƙetare Atilantika, aka kafa kamfanin aikin a 1856.

Tun kafin a murɗe sili ɗaya gardama ta tashi tsakanin mutum biyu na kamfanin. William Thomson, malamin jami'ar Glasgow, matashi ne ɗan shekara 32, ya riga ya yi lissafi ya nuna cewa doguwar waya a cikin ruwa tamkar kwalbar Leiden ce da aka miƙe: jan ƙarfe a ciki, ruwa a waje, danƙo a tsakani. Duk bugun da aka aika sai ya fara cika wayar kafin ya fita a ɗaya bakin, ya kuma ɗauki lokaci kafin ya tsiyaye, don haka harafi kan hau kan harafi. In aka ninka tsawon waya biyu, jinkirin ya ninka huɗu. Maganin da ya bayar shi ne a ƙara kaurin jan ƙarfe da na danƙo, a yi aiki da wuta kaɗan, a kuma nemo na'ura mai kaifin ji da za ta karɓi saƙon komai rauninsa. Wildman Whitehouse kuwa, wanda kamfanin ya naɗa shugaban sashen lantarki, likitan fiɗa ne daga Brighton da ya koyar da kansa ilimin. Ba malalaci ba ne, ya yi gwaje-gwaje masu yawa da hannunsa, ya kuma fito fili a 1856 ya ce lissafin Thomson bai dace da abin da ya gani ba. A ganinsa siririyar waya ta isa, muddin an bugi saƙon da ƙarfi. Ra'ayinsa ya fi araha, ya fi sauri, manyan sunaye irin su Samuel Morse kuma suna bayansa. Shi aka bi.

An ba da kwangilar ƙera wayar mil 2,500 cikin 'yan watanni, sauri kuwa ya haifi nawa. Kowane mil na teku ya samu jan ƙarfe kilo 48 da danƙo kilo 118, an shafa shi hawa uku. Kamfanoni biyu suka raba aikin sulke, ɗaya a Greenwich ɗaya a Birkenhead, sai daga baya aka gano ɗaya ya murɗa dama ɗaya ya murɗa hagu. Thomson ya auna jan ƙarfen da ake sayowa ya tarar wani na barin wuta ta wuce fiye da wani nesa ba kusa ba, amma a lokacin an riga an yi nisa. Mafi muni, wani kaso na wayar ya zauna a naɗe a fili a Greenwich cikin zafin bazarar 1857. Danƙon ya yi laushi, jan ƙarfen da ya fi shi nauyi ya zame daga tsakiya ya kwanta gefe guda. An yanke wuraren da ido ya gani an zubar. Waɗanda sulke ya rufe suka tafi teku.

Yunƙurin Agusta 1857 ya watse da wayar ta tsinke bayan an shimfiɗa sama da mil 300. Aka sauke ragowar, aka aje ta tsawon hunturu, aka sake lodawa. A Yunin 1858 guguwa ta kusa kifar da Agamemnon, naɗin wayar ya hargitse a cikin jirgin, aka warware, aka ƙulla, ta tsinke har sau uku. Wayar da ta isa gaɓa ranar 5 ga Agusta ta sha naɗi da warwara da ja da ƙulli fiye da yadda aka ƙera ta ta ɗauka.

Duk tsawon tafiyar Thomson na cikin Agamemnon yana sauraron lafiyar wayar da na'urarsa ta madubi. Ƙaramin madubi ne da bai fi ƙwayar wake ba, an manna masa 'yan guntayen maganaɗisu a baya, an rataye shi da zaren siliki a tsakiyar naɗin waya. Fitila na haska shi, shi kuma ya mayar da ɗigon haske kan wani allo. Wuta komai ƙanƙantarta in ta shigo sai ɗigon ya gusa dama ko hagu. Whitehouse bai bi jirgin ba, ya ce likita ya hana shi. Da wayar ta iso Valentia sai ragamar ta koma hannunsa, ya cire kayan Thomson ya ɗora nasa, ciki har da manyan koyil, irin na mota da ke haifar da tartsatsin fulogi, amma waɗannan tsawonsu ya kai ƙafa biyar. An kiyasta daga baya cewa bugunsu ya kai bolt 2,000.

Kwanaki suka wuce ba saƙon kirki. Abin da ma'aikatan gaɓoɓin biyu suka fi aika wa juna shi ne a maimaita, a rage sauri, kuna jin mu. Da na'urar Whitehouse ta kasa karɓa, sai aka koma ga madubin Thomson a ɓoye, ma'aikaci na karanta ɗigon haske yana bugawa da hannu cikin na'urar Whitehouse, don takardar da za ta fito ta nuna kamar ita ta karɓa. Ranar 16 ga Agusta gaisuwar Sarauniya Biktoriya ga Shugaban Amurka James Buchanan ta ƙetare. Kalma 98 ce, ta ɗauki kimanin awa 16. Mutanen New York ba su san da wannan wahala ba. Suka yi ta harba wasan wuta har rufin zauren birnin ya kama da gobara.

Wayar ta yi amfani na gaske ko da sau ɗaya ne. A ƙarshen Agusta gwamnatin Ingila ta aika Kanada cewa rundunoni biyu da aka umarta su tafi Indiya su zauna, tunda boren can ya lafa, aka ce wannan saƙon kaɗai ya tsirar da kusan fam 50,000. Amma kullum alamar sai ƙara dushewa take. Kamfanin ya sallami Whitehouse, Thomson ya karɓi tashar ya koma aiki da batir mai sauƙi, sai dai ɓarnar ta riga ta afku. Ranar 1 ga Satumba, ana tsakiyar bikin karrama Field a New York, saƙonni suka fara zuwa a tsinke, cikin kwana biyu suka daina ma'ana. Ranar 20 ga Oktoba wayar ta yi shiru baki ɗaya. Saƙo 732 ta ɗauka a rayuwarta. Wasu jaridun Amurka har suka ce tun farko yaudara ce, ba wata waya da ta taɓa magana.

Yana da kyau a tsaya a auna wannan bolt 2,000 da ma'aunin da muke da shi yau. Busasshiyar iska, tsakanin ƙarafa biyu masu santsi, tana ɗaukar kimanin bolt 3,000 a kowane milimita kafin tartsatsi ya keta ta. Man taransfoma mai tsabta na ɗaukar ninkin wannan sau uku zuwa biyar. Daskararrun makarai irin danƙo da roba sun fi iska ƙarfi sau da yawa. Lafiyayyen gata-faca mai kaurin milimita 3 bai kamata ya ji bolt 2,000 a jikinsa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Inda jan ƙarfe ya zame har rigar ta zama kamar fatar albasa, inda kumfar iska ko ɗan tsinke ya maƙale a cikin danƙo, inda aka yi ƙulli cikin gaggawa a kan jirgi mai tangaɗi, nan ne dukan matsin ke taruwa. Da zarar ya huda, ruwan gishiri ya shiga, kowane bugu na gaba sai ya ƙara buɗa kafar. A waya mai tsawon kilomita 3,000, wuri ɗaya da bai fi kan allura ba ya isa. Ni a ganina laifin Whitehouse na gaske shi ne ya ga alamar rauni ƙarara a gabansa, ya amsa ta da ƙarin ƙarfi.

Ba a gama jimamin Atilantika ba sai wayar Bahar Maliya zuwa Indiya, wadda gwamnatin Ingila ta tsaya wa jarinta na fam 800,000, ita ma ta mutu. Wannan ya sa aka kafa kwamitin haɗin gwiwa na gwamnati da kamfanin wayar Atilantika, ƙarƙashin Kyaftin Douglas Galton, da masana irin su Charles Wheatstone da Latimer Clark da Cromwell Varley. Ya zauna daga Disamba 1859 zuwa Satumba 1860, rahotonsa ya fito a 1861. Ya tarar cewa daga mil 11,364 na wayar teku da aka shimfiɗa a duniya, kaɗan ne fiye da mil 3,000 ke aiki. Bai ce teku ta fi ƙarfin mutum ba. Ya ce asarar ta zo ne daga abubuwan da za a iya kauce musu da an yi bincike tun farko: a tantance jan ƙarfe, a gwada kowane yanki na riga a cikin ruwa, a aje waya a ruwa daga masana'anta har teku, a kuma rubuta sakamako da lambobi. To, lambobin wane ma'auni? Kowane injiniya da nasa, wani na ƙirga da adadin batir, wani da mil na wayar da ke ɗakin gwajinsa. A wannan shekarar ta 1861 Clark da Charles Bright suka kawo shawarar a samu ma'auni ɗaya, aka kafa kwamiti da Thomson a ciki, kuma taron Faris na 1881 ya tabbatar da sunayen da muke amfani da su, ciki har da bolt, don tunawa da Alessandro Volta na Italiya.

Wayar da katafaren jirgin nan Great Eastern ya ɗauka a 1865 ta bi shawarar Thomson: jan ƙarfe kilo 136 da danƙo kilo 181 a kowane mil na teku, riga hawa huɗu, an jiƙa ta cikin manyan tankuna uku a cikin jirgin, ana auna ta dare da rana. Ta tsinke a hanya. A 1866 aka sake fita da sabuwa, ta isa Heart's Content ranar 27 ga Yuli, sannan jirgin ya koma ya ƙugiyo ta bara daga ƙasan teku ya ƙarasa ta a Satumba. A watan ne Latimer Clark ya yi gwajin da na fi so a duk wannan tarihi. Ya sa aka haɗe bakunan wayoyin biyu a Newfoundland, suka zama zobe ɗaya mai tsawon mil 3,700 da ya tashi daga Valentia ya dawo Valentia. Ya aro ɗan ƙoƙon azurfa da masu ɗinki ke sa wa a yatsa, ya ɗiga ruwan batir a ciki, ya tsoma ɗan guntun tutiya. Wannan ɗan batir da bai kai bolt 2 ba ya tura alama ta ƙetare teku ta dawo, ɗigon haske ya gusa a kan allo cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai. Irin wannan waya mai rigar gata-faca ce ta iso Legas a 1886 ta haɗa ta da Landan.

Tangaraho ya tsira ta hanyar rage wuta. Masu kai hasken lantarki gidaje ba su da wannan zaɓi, don in ana son tura wuta mai yawa nesa ba tare da ta ƙare a hanya ba, dole a ɗaga matsinta. Tambayar da aka kauce mata a 1866, wato matsi nawa makarin wuta zai iya ɗauka, ta dawo da ƙarfinta.

Amsa ta farko mai tsari a kan iska aka same ta. A 1889 wani ɗalibi Bajamushe a Strasbourg, Friedrich Paschen, ya auna bolt nawa ake bukata kafin tartsatsi ya tsallake tsakanin ƙarafa biyu, yana sauya tazara yana sauya matsin iskar. Ya gano cewa amsar ta dogara da tazarar da matsin in an ninka su da juna. Duk makanike ya san rabin wannan doka ko bai taɓa jin sunan ba: fulogi zai iya ba da wuta a waje, a ɗaura shi a inji ya ƙi, saboda iskar da fistin ya matse ta fi wuyar ketawa, shi ya sa tazarar da ba ta kai milimita ɗaya ba ke neman bolt dubu goma ko fiye. Daga dokar aka kuma fahimci cewa ƙasa da kimanin bolt 330 iska ba ta fashewa komai kusancin tazarar. Jerin faifan tangaran ko gilashi da ke reto a manyan turakun wuta mai bolt 330,000 daga Kainji da Shiroro zuwa Kaduna da Kano, wanda Harold Buck da Edward Hewlett suka fito da salonsa a Amurka a 1907, aikinsa ke nan, ya nisanta waya da ƙarfe gwargwadon abin da iska za ta iya. In ƙurar hunturu ta kwanta a kansu raɓa ta jiƙa ta, wutar kan bi ta saman faifan maimakon ta huda su.

A daidai lokacin da Paschen ke ɗakin gwaji, wani matashi haifaffen Liverpool, Sebastian de Ferranti, yana gina tashar wuta a Deptford, bakin kogin Thames, da niyyar tura bolt 10,000 zuwa tsakiyar Landan ta ƙarƙashin ƙasa da gefen layin dogo. Shekarunsa ba su kai 25 ba da ya fara. Ba a taɓa kusantar wannan adadi a wayar kasuwanci ba. Thomas Edison ya ziyarci wurin a 1889, shi kuwa a lokacin babban mai adawa ne da irin wannan wuta mai babban matsi. Wayoyin roba da aka sayo ba su yi ba, sai Ferranti ya ƙera tasa da abin da ba wanda ya yi tsammani, takarda. Bututun jan ƙarfe ɗaya a cikin wani, tsakaninsu an naɗa takarda mai ruwan ƙasa da aka busar aka jiƙa da narkakken kakin ƙasa, kaurinta kusan rabin inci, sannan aka zura duka cikin bututun baƙin ƙarfe. Ba ta lanƙwasuwa, don haka aka yi ta guntu-guntu, kowane ƙafa 20, aka haɗa da ƙulli sama da dubu bakwai. Hikimar takarda ita ce hawa-hawa take. In akwai kafa a falle ɗaya, da wuya ta dace da kafar na bayansa.

Hukumomi suka ce in lebura ya sara wannan waya da diga fa? Ferranti ya amsa da gwaji a gaban jami'ai. Mataimakinsa Harold Kolle ya riƙe cizal da hannu ba safa a kan wayar tana ɗauke da wutarta, wani ya ɗaga babbar guduma ya kora cizal ɗin har ciki. Da yake bututun waje a haɗe yake da ƙasa, shi ƙarfen ya fara taɓawa, wutar ta bi ta nan, fis ya ƙone, Kolle na tsaye lafiya. A Fabrairun 1891 aka fara tura bolt 10,000 a kai a kai. Kamfanin tashar bai ci ribar da ya zata ba, Ferranti ma ya bar aikin a shekarar, amma wasu sassan wayar takardarsa sun yi ta aiki har 1933.

Takarda mai mai ta mulki wayoyin ƙarƙashin ƙasa shekaru da dama, har aka hau bolt 33,000 zuwa sama a shekarun 1920 ta fara fashewa bayan 'yan shekaru a wurare da yawa, alhali ta ci gwajin masana'anta. Da aka yanka waɗanda suka mutu sai aka ga ƙonannun layuka masu rassa kamar bishiya a cikin takardar. Ga yadda abin yake. Da rana waya ta ɗau zafi, man ya kumbura ya buɗa rigar darmar da ke waje. Da dare man ya koma, darma kuwa ba ta komawa, sai 'yan ƙananan guraben da ba mai su bayyana. A cikin gurbi matsin wutar ya fi na kewayensa, iskar da ke ciki kuma ta fi takarda rauni, don haka ɗan tartsatsi na tashi a ciki sau ɗari a daƙiƙa, yana gaigayar takarda har ya huda. Luigi Emanueli na kamfanin Pirelli a Milan ya magance wannan da barin rami a tsakiyar jan ƙarfen, ya cika shi da mai mai ruwa-ruwa da tankuna ke turawa, ta yadda gurbi ba ya samun damar buɗewa. A 1927 wayoyinsa suka ɗauki bolt 132,000 a New York da Chicago, a 1936 kuma 220,000 a Faris.

A Maris 1933, masana biyu na kamfanin ICI a Ingila, Eric Fawcett da Reginald Gibson, suka tarar da wani farin abu mai kama da kaki a cikin tukunyar gwajinsu. Shi ne foliyetilin, dangin ledar da muke ƙulla kaya da ita. Ya tufatar da wayoyin na'urar hango jirage a Yaƙin Duniya na Biyu, ya kuma kori gata-faca daga teku, bayan an riga an sare bishiyoyinsa ba adadi a Malaya da Borneo. Wayar tarho ta farko da ta ƙetare Atilantika a 1956, daga Oban zuwa Clarenville, shi ta saka. Tunda ba ya shan ruwa, aka binne dubban kilomita na wayoyin wuta masu rigarsa ba tare da darma ba. A 1969 injiniyoyin Japan suka ba da rahoton cewa danshi da matsin wuta in sun haɗu na tsirar da wasu 'yan rassa a cikinsa, daga inda ƙura ko gurbi ya maƙale. Wayoyin da aka yi wa lissafin shekara 30 ko 40 suka riƙa mutuwa cikin 10 zuwa 15, sai da aka koma tsabtace kayan da toshe hanyar ruwa.

Wayar 1858 ba ta ɓace duka ba. Ragowar da Niagara ya dawo da ita kantin Tiffany na New York ya saye, ya yayyanka inci huɗu-huɗu yana sayarwa santi 50, wasu guntayen kuma an tsamo su daga ruwa, suna nan a gidajen tarihi. A 1985 wani masani ɗan Ailan, Donard de Cogan, ya wallafa abin da ya gani da ya duba yankan wayar. A wasu wuraren jan ƙarfen ya bar tsakiya har ya kusa leƙowa ta gefen danƙon. Ya yanke cewa ko da ba a taɓa ɗora mata koyil ba, wannan waya ba mai tsawon rai ba ce, kuma nauyin da aka jibga wa mutum ɗaya ya kamata a raba shi da waɗanda suka ƙera ta cikin gaggawa suka shanya ta a rana. Thomson ya samu sarautar Sir a 1866, ya zama Lord Kelvin a 1892. Whitehouse ya koma Brighton, ya rasu a 1890.